Godiya ga waɗanda suka tsaya wa tsofaffin karnukan nan

Assalamu alaikum jama'a. Alhamdu lillahi, tsofaffin karnukan nan uku 'yan jinsin Golden Retriever da muka ɗauko daga inda aka yi watsi da su duk sun samu masu riƙo, na ƙarshensu ya tare a sabon gidansa a makon nan. Dole in fito in yi godiya, don aikin ya fi ƙarfin mutum ɗaya.

Na fara da 'yan'uwan da suka shiga gidan tare da mu, don sun ga abin da ba kowa zai jure ba. Gashin jinsin nan ninki biyu ne. Idan aka daina taje shi sai na ƙasan ya cukurkuɗe ya manne da fata, danshi ya taru, gyambo ya buɗe ba wanda ya sani. Haka muka tarar da su. Faratan macen sun yi tsawo har sun lanƙwashe sun soki tafin ƙafarta, tana tafiya kamar mai taka ƙaya. Kunnuwa kuwa, da yake a rufe suke iska ba ta shiga, sai wari. A cikin wannan hali babbansu, wanda fuskarsa ta yi fari fat, ya miƙe da ƙyar ya ɗauko wani tsumma a baki ya kawo mana yana kaɗa wutsiya. Abin a jininsu yake. Tun 1868 Lord Tweedmouth ya fara haɗa jinsin a gandunsa na Guisachan a Sikotland, don su riƙa ɗauko wa maharbi tsuntsun da ya harbo ba tare da sun tauna ba.

Likita, Allah ya saka miki da alheri. Ke kika tsara a riƙa ba su abinci kaɗan-kaɗan, kika ce karen da ya daɗe da yunwa idan aka cika masa ciki lokaci guda zai iya rasa ransa. Da kika taɓa ƙullutun da ke gefen haƙarƙarin babban, gaban kowa ya faɗi, don ciwon daji ya yi wa jinsin nan yawa, har gidauniyar Morris Animal Foundation ta Amurka ta fara bin lafiyar fiye da 3,000 daga cikinsu tun 2012 don gano dalili. Sakamakon gwaji ya fito, kitse ne kawai. Waɗanda suka turo gudummawar kuɗin magani da masu askin da suka sauke wannan gashin, Allah ya ƙara buɗi.

Babbar godiyata tana ga gidajen da suka karɓe su. Kowa ɗan kwikwiyo yake nema, ba na kuma ganin laifin kowa. Jinsin nan yawanci shekara 10 zuwa 12 yake yi, waɗannan kuwa likita ta ƙiyasta duk sun haura tara. Mun faɗa muku gaskiya: akwai ciwon gaɓoɓi, akwai magani safe da yamma, akwai tashin dare a fita da su, kuma zaman ba lallai ya yi tsawo ba. Kuka ce kun ji kun gani. Baiwar Allah da ta ɗauki macen, kafin mu iso ta shimfiɗa darduma a duk inda daɓen yake da santsi, ta sa an haɗa katako mai gangara a bakin ƙofa don kada ta sha wahalar matakala. Ta ce da ni, "Ko shekara ɗaya ta rage mata, a nan za ta yi ta."

Masu tambayar gidan wa aka ɗauko su, ku yi haƙuri, ba za mu faɗa ba. Rashin lafiya ce ta kwantar da mai su, ba mugunta ba, shi ma yana buƙatar addu'a.

Masu riƙo, a tuna da goge kunnuwa duk mako, a kuma kula da ƙiba don ƙugunsu ba zai ɗauki nauyi ba. Za a koma wurin likita awon jini wata mai zuwa in sha Allah, wanda ba shi da abin hawa ya yi mini magana in zo in ɗauke su.