Fure a gaban danga: da kyamara da kuma buroshi

Yawancin hotunan furanni da ake sakawa a intanet ba furen ne ke ɓata su ba, abin da ke bayansa ne. Mutum ya ga kabewa ta hau danga ta buɗe fure, sai ya zaro waya ya matsa kusa ya danna. Idonsa na kan furen, ita kuwa kyamara ba ta san zaɓe ba: ta kwaso karan da ya karye, da ledar da iska ta maƙala, da hasken da ya fashe a kan zana. A lambu, danga ita ce rabin hoton. Wanda ya fara duba ta kafin ya dubi furen ya rage wa kansa aiki, ko da kyamara yake ko da fenti.

Kowace danga da yadda take karɓar haske. Dangar karan dawa sabuwa, wadda aka kafa bayan kaka, rawaya ce mai ƙyalli, kuma idan rana ta buga mata takan fi furen haske, sai ido ya tafi kanta. Irin wannan a jira ta shiga inuwa alhali furen yana cikin rana. Tsohuwar da ta sha damina ta koma ruwan toka, a ganina ita ce ta fi kowace kyau a bayan fure, domin ba ta gasa da kowane launi. Abin lura da dangar kara shi ne layukanta a tsaye suke, don haka ko kaɗan aka karkata waya sai ya fito fili. A kunna layukan saiti da ke cikin kyamarar waya, a daidaita ɗaya da dirka mafi miƙewa.

Zanar gamba ta fi son haske daga gefe, wanda zai bi fuskarta ya fito da saƙar, kowane zube da 'yar inuwarsa. Idan rana ta fuskance ta kai tsaye sai ta zama shafe kamar kwali. Idan kuwa ranar tana bayanta, haske zai riƙa ɓullowa ta ƙananan ramukan saƙar, kuma da zarar an sa bayan hoton ya yi dishi-dishi sai ramukan su zama ɗige-ɗigen haske masu zagaye. Yana da kyau ƙwarai, amma daga nesa saƙar kan rikita kyamara har wasu layuka masu kama da igiyar ruwa su bayyana inda babu su. Maganinsa matsawa gaba ko baya da taku ɗaya.

Katangar ƙasa tana fito da koren ganye fiye da komai, sai dai tana mayar da jan haske kan abin da ke kusa da ita, farin furen zogale ya koma kamar an shafa masa ruwan goro. Farar katanga kuma tana yaudarar ma'aunin hasken kyamara, ta ɗauka wurin ya cika haske, ta duhunta hoton duka, furen ya fito a dushe. Shinge mai rai, irin na aguwa ko bini da zugu ko lalle, matsalarsa da damina ita ce kore a kan kore. Da rani, bayan aguwa ta zubar da ganye, rassanta masu ruwan toka sun fi amfani. A kiyaye da farin ruwan da ke fita daga jikinta, haka na tumfafiya, kada ya taɓa ido. Idan ragar waya ce ta shiga tsakani, a manna idon kyamara a jikinta, a nemi inda ragar ke cikin inuwa, a kama abin da ke nesa. Ragar za ta kusan ɓacewa daga hoton.

Abu ɗaya ya haɗa su duka: tazara. Furen da ya manne da danga ba yadda za a raba su a hoto, duk da tsadar kyamara. A nemi wanda ya leƙo gaba da aƙalla mita 1, in an samu mita 2 ya fi, sannan mai ɗauka ya kasance ya fi kusa da furen fiye da yadda furen yake da dangar.

Lokaci

Furanni na da nasu agogon. Furen kabewa yana buɗewa da sassafe, kafin azahar ya rufe. Na kuɓewa da na yakuwa, masu launin madara da jan ido a tsakiya, na yini ɗaya ne, da hantsi suke kan ganiyarsu, da yamma sun yi laushi. Duma akasin haka yake, farin furensa sai rana ta yi sanyi yake buɗewa. Soso, wanda ba a rasa shi a kan dangogin ƙauye da damina, da safe ake samun rawayarsa a miƙe. Bishiyar gurjiya tana fitar da jan furenta a lokacin sanyi bayan ta kaɗe ganye, bugenbiliya ma ta fi cika da launi da rani. Af, abin da muke kira furen bugenbiliya ganye ne mai launi. Ainihin furen shi ne ɗan ƙaramin farin da ke tsakiya, kuma shi ya kamata a kama idan an matsa kusa.

A yankinmu rana ba ta ɓata lokaci wajen hawa. Tana tafiyar digiri 15 a kowace awa, kuma kusan a miƙe take tashi, saboda haka hasken nan mai laushi na bayan fitowarta bai cika wuce minti 40 zuwa awa ɗaya ba. Daga walaha zuwa bayan azahar a bar kyamara ta huta, sai dai in za a yi wa furen inuwa da farin mayafi marar kauri, wani ya riƙe a sama da shi. Akwai kuma abin da masu ɗaukar hoto da yawa ba su lura da shi ba. A daidai layin Kano, rana tana wucewa ta tsakiyar ka wajen ƙarshen Afrilu da kuma bayan tsakiyar Agusta. Tsakanin waɗannan lokuta biyu ta arewa take karkata, sauran shekara ta kudu. Ke nan dangar da ta miƙe daga gabas zuwa yamma, fuskarta ta kudu ce ke shan rana da hunturu, ta arewa kuma a watan Yuni. Wanda ya ga wuri ya yi kyau a Disamba ya koma da damina, zai iya tarar da shi cikin inuwa.

Hazo yana da amfani da illa. Yana tace rana, inuwa ta yi laushi, a iya aiki har hantsi ya ɗaga. Amma yana kashe launi, sararin sama ya zama fari, don haka a cire saman daga hoton gaba ɗaya, danga ta cike bayan. Ƙurar da ke kwanta a kan ganye kuma tana sa kore ya koma toka. A wanke shukar da ruwa tun da yamma, a ɗauka washegari da safe; in aka fesa ruwa kaɗan nan take, ƙurar ce za ta jiƙe ta bar tabo. Ranar marka, bayan ruwa ya ɗauke gari na lumshe, ita ce ta fi kowace ba da launi na gaskiya.

Saitin kyamara

Da waya, kada a kai ta bakin furen. Babban idonta mai faɗi ne, yana kumbura abin da ke kusa, yana kuma kwaso tarkacen baya. A koma baya santimita 40 zuwa 60 a danna 2x ko 3x. A taɓa furen a fuskar waya, a riƙe yatsa har saitin ya kulle, sannan a ja alamar rana ƙasa kaɗan. Wannan jan ba ado ba ne. Ja da ruwan hoda mai ƙarfi su ne suka fi saurin cika ma'aunin kyamara, sai jijiyoyin furen su ɓace ya zama dunƙulen launi kawai, kuma abin da ya ɓace ta haka ba ya dawowa wajen gyara. Gara hoto ya ɗan yi duhu a ƙara masa haske daga baya. Tsarin nan na ɗaukar hoton fuska da ke dusashe baya da kansa, a guje shi a gaban danga: lissafi ne yake yi, yakan yanke siraran rassa, ya bar ramukan kara wasu a fili wasu a dushe.

Mai babbar kyamara ya buɗe ƙofar haske zuwa f/2.8 ko f/4 idan fure ɗaya yake so, ya rufe zuwa f/8 ko f/11 idan yana son dangar ta fito tun daga kusa har nesa. Saurin ƙiftawar kyamara kada ya gaza 1/250 na daƙiƙa, in akwai iska 1/500, a ɗaga ISO, wato ƙarfin jin hasken kyamara, zuwa 400 ko 800 ba komai. Ma'aunin fari, wato saitin da ke daidaita launin haske, a kafe shi a wajen 5200K maimakon a bar wa kyamara, domin jar katanga ko rawayar kara na sa ta shuɗanta hoton. Farin kwali mai girman A3 a gefen da ke inuwa ya isa ya haska cikin furen. Da hunturu a hure ƙura daga gilashin kafin a goge, in ba haka ba yashin ne zai karce shi.

Sannan a tuna zana ba don ado aka kafa ta ba, sirrin gida take rufewa. A yi sallama, a nemi izinin maigida ko mai lambu, kuma kada a ɗaga waya sama da tsayin dangar.

Idan da fenti ne

Fentin ruwa garin launi ne da aka kwaɓa da ƙaro, wannan dai na dakwara da ake fitarwa daga Sudan da Chadi da Najeriya. Launi biyar sun isa, kuma lambar da ke jikin kwalin ta fi sunan amfani: PY43 ko PY42 rawayar ƙasa, PBr7 ruwan ƙasa mai ja, PB29 shuɗi, PY3 rawayar lemon tsami, PV19 ruwan hoda mai ƙarfi. A bar PR83, yana kyau a farko amma rana na cinye shi. Takarda ta zama mai kauri, mai nauyin giram 300 a kowane murabba'in mita, a liƙe gefenta huɗu a kan falanki da salatif na takarda, in ba haka ba za ta kumbura. Buroshi mai tsini lamba 10 da lamba 4, da kofin ruwa biyu, ɗaya na wanki ɗaya na haɗi.

Kafin a taɓa fenti a yi ɗan zane da fensir, girman tafin hannu, da mataki uku kacal: haske, tsaka-tsaki, duhu. Idan furen da dangar suka faɗa mataki ɗaya, zanen ba zai tashi ba ko launinsu ya bambanta. A nan mai fenti ya fi mai kyamara 'yanci, yana iya duhunta dangar a bayan farin fure, ya haskaka ta a bayan ganye mai duhu. Idan dangar ta miƙe ta yi nisa, dirkokinta na gajarcewa suna kuma matsewa, kanta na gangarowa zuwa daidai tsayin idon mai zane, gindinta na hawa. A sa alamar inuwa da fensir cikin minti 15 na farko a tsaya a kanta, domin kafin a gama ta gusa.

Furen ake fara sa wa launi, da ruwa mai tsabta, a bar farin takarda inda haske ya fi bugawa. Sai danga: rawayar ƙasa da ɗan shuɗi da ɗan PBr7, a tsinke da ruwa sosai, a shafe ta a tashi ɗaya ana kewaye furen. Kuskuren da ya fi yawa shi ne ƙirga kara ɗaya bayan ɗaya. Ba karan ake zanawa ba, duhun da ke tsakaninsu ake sawa, bayan shafin farko ya bushe, da siraran layuka masu tsinkewa, a yawaita su kusa da furen, a bar su su ragu zuwa gefen takarda. Don saƙar zana, a matse ruwan buroshi a jikin tsumma a ja shi a kwance, ƙurajen takardar za su yi sauran aikin. Inuwa kuma ba baƙi ba ce. Shuɗi da PBr7 na ba da toka mai rai, a kan fure kuwa shuɗi kaɗan cikin launin furen kansa. Koren da ke zuwa a haɗe yakan yi kama da na leda, gara a haɗa daga rawaya da shuɗi a kashe kaifinsa da ɗigon ja. Launi ya wuce uku a haɗi ɗaya, laka za a samu.

Hunturu ne babban abokin gabar fentin ruwa. Iska ta bushe, sai gefen shafi ya ƙafe kafin a koma kansa, ya bar layi. A zauna a inuwa, a dama fenti fiye da yadda ake bukata, a jiƙa bayan takardar, a rage girman aikin zuwa A5. Ɗigo 1 ko 2 na gilisarin daga kemis cikin rabin kofin ruwa na jinkirta bushewa. In ya yi yawa fentin zai yi danƙo. Zuma ma tana yi, amma tana gayyato tururuwa. Tabon nan mai baki kamar an yage, yana fitowa ne idan aka kai buroshi mai ruwa kan wurin da ya fara bushewa bai gama ba. Da zarar ƙyallin jiƙa ya ɗauke, a cire hannu. A watan Agusta matsalar juyewa take yi, takarda ta ƙi bushewa, akwatin fenti da aka rufe da danshi ya yi fumfuna.

Wanda zai ƙarasa zanen a gida daga hoto, ya sani waya tana ƙara wa launi kaifi, tana kuma mayar da inuwa baƙa ƙirin. Ya ɗauki hoto biyu, ɗaya an saita haske a kan furen, ɗaya a kan inuwar dangar. Ya kuma shafa launukan furen da ganye da kara a gefen wata takarda tun yana wurin, ya bari su bushe ya gwada su da ainihin abin, domin fentin ruwa yana yin haske bayan ya bushe, sau da yawa sai an ƙara masa ƙarfi.