Abin da kunne ya kasa riƙe mini

Da girmana idanuna suka tafi, bayan na gama karatuna da biro da takarda. Shi ya sa da aka ce in koyi Braille, rubutun makafi, na ce a kai kasuwa. Wayata tana da TalkBack, manhajar da ke karanto mini rubutu da murya, kwamfutata kuma na sa mata irinta mai suna NVDA, wadda kyauta ce. Na yi ta ƙara wa muryar sauri har na kusa da ni ba ya tsintar komai, ni kuwa ina cinye littafi a kwana biyu. Me zan yi da ɗige-ɗige?

Ranar da aka ba ni jawabi in karanta a gaban jama'a na gane kurena. Na maƙala abin sauraro a kunne, murya na faɗa ina maimaitawa. Ta tsere mini, na dakatar da ita, na nemi inda nake na rasa. Ashe baki ba ya sakewa idan kunne na kan aiki. Na ƙarasa da ka, gumi na keto mini.

Sati na zagayowa na nemi malama. Ɗigo shida ne kacal, uku a hagu uku a dama, amma siffa 63 ake fitarwa daga cikinsu. Da ta gaya mini Louis Braille yana ɗan shekara 15 ya tsara su a Faransa a 1824, sai na ɗauka abin wasan yara ne. Ina! Watan farko kamar yashi nake shafawa. Ina dannawa da ƙarfi, ɗigon na kwanciya, ita kuma tana cewa, "Sassauta hannu, shafa ake yi." Rubutawa ma da nata rikicin: a allon hannu daga dama ake hudawa zuwa hagu, sai an juya takardar ta karantu.

Abin da ya ba ni kunya shi ne sunan wani abokin aikina. Shekara da shekaru ina jin sa daidai, ina rubuta shi ba daidai ba, sai da yatsana ya taka harafin da murya take haɗiyewa. Haka waƙafi da aya, da rabuwar kalmomi, duk sun zube mini ban sani ba.

Har yau a hankali nake karatu da yatsa, kuma littafi guda na Braille sai ya zama kundi da yawa, na'urar da ke taso da ɗigon daga kwamfuta kuma tsadarta ta fi ƙarfina. Labarai da dogon littafi na bar wa kunne. Kwalaben maganina, lambobin da ba na so wani ya ji, da duk abin da zan faɗa a gaban mutane, waɗannan na yatsa ne. Jawabina na baya-bayan nan a kati huɗu na huda shi, na karanta hannuna a kan tebur, fuskata na kallon jama'a.