Daren Asabar a filin Bowman Gray

Jama'a, jiya da dare abokin aikina ya ja ni kallon tseren motoci a filin Bowman Gray da ke garin Winston-Salem, jihar Karolina ta Arewa a Amurka. Wallahi ban taɓa jin ƙarar inji irin wannan ba, har cikin ƙirji kake jin ta.

Filin ɗan ƙarami ne. Zagayensa rubu'in mil ne kacal, kusan mita 400, a shimfiɗe, kuma ya kewaye filin ƙwallon Amurka da wata jami'ar garin ke wasa a kai. An gina shi a 1937, tun 1949 kuma ake tseren NASCAR, babbar hukumar shirya tseren motoci a Amurka, a nan duk mako in lokacinsa ya kama. Hanyar ta yi ƙunci sosai, da wuya ka wuce na gabanka ba ka goge shi ba, shi ya sa rigima ba ta ƙarewa har ake ce masa gidan mahaukata.

Amma abin da ya fi taɓa ni shi ne gado. Zuriyar Myers tun kakanni suke tuƙi a nan, har yau jikoki na kai. 'Yan kallo ma haka. Wata dattijuwa kusa da ni ta tallabe jikanta, ta toshe masa kunne da tafin hannu, tana ƙwala wa direbanta kira kamar ɗan cikinta ne.

A nan shahararren direban tsere Richard Petty ya ci nasararsa ta 100 a 1969. Richard Childress kuwa, mai babbar ƙungiyar tsere a yau, gyaɗa yake sayarwa a waɗannan kujeru yana yaro.