Na ɗaga mota a Kano, Damagaram ta sauke min ita

Shekaranjiya da daddare na shigo Kano, har yanzu in na kaɗa hulata ƙurar Damagaram ce ke tashi. Raguna suka kai ni, amma labarin ƙafar mota na dawo da shi.

Sati biyu kafin tafiyar na kai Hilux ɗina wani gareji aka ɗaga ta inci uku. Gaba aka ƙara zobe a saman sifirin, baya aka cusa bulon ƙarfe a ƙarƙashinsa, na kuma sa mata faffaɗan tayoyi masu manyan haƙora irin na laka. Shokozoba kuwa aka ce min tsoffin ma za su yi. Gaskiya ta yi kyau, ko a danja sai an waiwayo.

Ta Daura muka bi, muka tsallaka iyakar Nijar a Kwangwalam muka kama hanyar Matamaye. A wani shinge wani jami'i ya zagaye motar sau biyu, ya ce, "Wannan mota ce ko raƙumi?" Ya karɓi takarduna ya sa a aljihu, ya koma gindin bishiya ya ci gaba da shan shayinsa. Awa guda cur ina tsaye a rana, ko zauna bai ce min ba.

Mai masaukina a unguwar Zango ta Damagaram shi ya wanke min wannan takaicin. Garin da ruwa ke da tsada, ana saye wurin 'yan garuwa, amma bokiti biyu aka aje min a bayi. Ga fura, ga kilishi mai laushi da namu na Kano bai kama ƙafarsa ba, ko da yake ban faɗa a gabansa ba. Kun san tsakanin Bakano da Badamagare, tun zamanin Sarkin Damagaram Kuran Daga ba a raga wa juna. Da ya leƙa motar sai ya yi dariya ya ce, "Ɗan Kano, da tsani za mu hau?"

Washegari muka nufi arewa, hanyar Tanut. Muka wuce matatar man SORAZ da aka buɗe a 2011, sannan muka sauka daga kwalta don zuwa rugar da garken yake. Nan ne hanya ta koma gargada, ƙananan kunyoyi a jere kamar kwanon rufi. Mota ta shiga rawa, baya na tsalle, ina jin ƙwal-ƙwal duk sanda ƙafa ta saki. Da na tsaya na leƙa, shokozoban baya na dama ya jiƙe da mai, na taɓa shi sai da na yarfe hannu don zafi. Ba mu ƙara kilomita biyar ba muka faɗa rairayi. Na taka wuta, haƙoran nan da nake taƙama da su suka tona mana rami har tulun difaransha, ƙullin ƙarfen nan da ke tsakanin tayoyin baya, ya zauna daram a ƙasa.

Wata tsohuwar Land Cruiser ce ta cece mu, ɗauke da buhunan gero da mutane a sama, tayoyinta sirara dogaye, 7.50R16. Direban, wani Buzu mai rawani, ya danna tayata da yatsa ya tambayi kilo nawa na sa. Su da kilo suke auna iska, mu falkanizanmu arba'in na ma'aunin PSI kawai ya sani, wato kusan kilo uku. Ya tsuguna da tsinken ashana ya sauke kowace zuwa kilo ɗaya da ɗan wani abu, muka yashe gaban tayoyin da hannu, ya ce in tashi a hankali ba da fushi ba. Wallahi kamar a kan tabarma ta fita. Na miƙa masa kuɗi, ya ture hannuna ya ce, "Haba Alhaji, a daji muke." Ya dai gargaɗe ni kada in yi gudu ko in karya kan mota da ƙarfi, kada taya ta zame daga rim, kuma in kula da ƙayar aduwa.

Bakaniken da aka kai ni wurinsa a gari dattijo ne, bai ko ɗaga murya ba. Ya kwanta ƙarƙashin motar, ya fito yana goge hannu. Ya ce tunda an ɗaga ta aka bar gajeren shokozoba, kullum a miƙe yake har ƙarshe, ga gargada ta dafa man ciki ya yi kumfa, dole ya fashe. Ya nuna min tiyon birkin baya ya ɗame kamar tsirkiya, ya nuna robar shaf ɗin gaba da ta fara tsagewa saboda karkata. Na ce, "To Baba, ai don kada cikinta ya taɓa ƙasa na ɗaga." Ya ƙwanƙwasa tulun difaransha da sifana ya ce, "Wannan ko inci goma ka ɗaga yana nan inda yake, tsayin taya kaɗai ke ɗaga shi." Ban da amsa.

Ya cire bulon, ya sauke gaban, ya ƙara ganyen sifirin ɗaya a baya saboda kaya. Cinikin shokozoba masu gas ne ya kusa haɗa mu faɗa da mai shago. Jaka sittin ya fara, wato sefa dubu sittin, muka sauka arba'in da biyar, kuma kunyar mai masaukina ce ta sa. Kayan mota dai sun fi tsada a can, kuɗin aiki kuma ya fi namu sauƙi nesa. Lissafin dala ma sai da ya ruɗa ni: yaron gareji ya ce dala ɗari, ashe sefa 500 yake nufi. Akwai wasu tayoyi na hannu da aka so liƙa min, haƙora cike, amma lambobi huɗun nan na gefe masu faɗin lokacin da aka ƙera taya 2314 suka nuna, wato sati na 23 na 2014. Na ce a kai kasuwa.

Ragunan an loda su a wata motar. Na leƙa tsohuwar unguwar Birni da ƙofar fada a gurguje, na sayi takalman fata a kasuwar Dole, muka dawo ta Magarya da Ɓaɓura lafiya lau. Tayoyin lakar nan huɗu suna nan a zaure, ko wata ɗaya ba su yi ba, mai so ya yi magana.