Injin niƙa ne ya koya mana lissafin tashar sola ta ƙauye

Dokar da NERC, hukumar kula da harkar wutar lantarki ta Najeriya, ta fitar a 2016, aka sabunta a 2023, ta raba ƙananan tashoshin wuta gida biyu. Akwai na ƙauyen da turakun kamfani ba su taɓa isa ba, akwai kuma waɗanda ake jonawa da layin kamfanin rarraba wuta, irin ta Toto a Nasarawa da ta Zawaciki a Kano. A kashi na biyu sai an rattaba hannu tsakanin mutum uku: kamfanin rarrabawa, mai gina tasha da jama'ar gari. A dokar ta 2023, tashar da ta haura kilowat 100 sai da izini, kuma an sa iyakar ƙaramar tasha megawat 1. Da muka zo kafa tamu tashar solar a ƙauye, takardun ba su ba mu wahala ba, lissafin lodi ne ya kayar da mu.

Mun bi gida-gida muna tambaya, kowa ya ce ƙwai uku, fanka da cajin waya. Gaskiya suka faɗa, amma gaskiyar mutumin da bai taɓa ganin wuta ta kwana ba ce. Kafin wata shida firji ya shigo, mai walda ya dawo daga birni, mai niƙa ya jingine injin gas ya sayo moton lantarki. Moto mai kilowat 7.5 a kan bolt 415 yana cin kusan amfiya 15 idan yana gudu, amma lokacin tashi yakan fizgi ninki shida ko bakwai. Inbata kuwa ba ta da haƙurin taransfoma, sai ta kashe kanta, gari ya yi duhu saboda kwano biyu na masara. Mun sa wa kowane moto na'urar da ke tada shi a hankali, muka ba masu niƙa layinsu dabam da nasu makashin wuta, wato bireka. Sannan muka sassauta musu farashi daga goma na safe zuwa uku na rana, lokacin da farantin sola ke ba da wutar da batir ba zai iya shanyewa ba. Niƙan magariba shi ke cinye batir, don a lokacin kowace fanka a gari tana juyi.

Ɗakin batir mun fara yi masa rufin kwano ba silin. Batir mai ruwa rayuwarsa na raguwa da kusan rabi duk ƙarin digiri 10 a kan 25, ga shi bazara a nan tana haura 40 a inuwa. Litiyom ya fi juriya, shi ma dai yana son silin, tagogi masu raga ta ɓangare biyu da fankar fitar da zafi.

Faranti muna fuskantar da shi kudu, karkata digiri 10 zuwa 15. Da hunturu a wanke duk mako, da asuba kafin gilashi ya yi zafi, ruwa zalla ba omo.

Sandar tagulla da ake binnewa don kariya, mun auna ta a watan Agusta ta ba da ƙasa da om 10 (awon turjiyar ƙasa, wanda ake so ya yi ƙasa), muka yi murna. A Maris ƙasa ta bushe, awon ya tashi, kuma tsawar farkon damina takan iske ƙasar a haka. Yanzu da rani muke awo, mu ƙara sanduna mu haɗe su. Layin bolt 415 kuma idan ya zarce rabin kilomita da siririyar waya, gidajen ƙarshe fankarsu kamar mai jin barci. Mun koma kebul mai rufi mai kaurin sikwaya milimita 70 a babban layi, wanda ya rage satar wuta da ƙugiya ma.

Mita mai magana da ofis ta intanet abin sha'awa ce sai ranar da sabis ya ɗauke. Mai kuɗi a hannu ya kwana a duhu, da safe ƙara tana gaban dagaci. Mun ɗaga na'urar da ke tattara saƙon mitoci kan turke mafi tsawo, da layin waya biyu na kamfanoni dabam-dabam, kuma ba ma sayen mitar da ba ta da madannin shigar da lambobi 20 ɗin nan na sayen wuta da hannu. Mai sayar da wuta a bakin kasuwa yana ajiye lambobin kwana biyu a rubuce.