Fasfon maigida da fasfon mai raino

Ɗan ofishina na sayar da tikiti da haɗa takardun biza yana hawa na biyu a wani bene a Deira, cikin Dubai. Mu uku ne: ni, ƙanena, da wata 'yar Filifin da ke zaman kwamfuta. Da can 'yan uwanmu masu zuwa sarin gwal da waya ne ke riƙe da mu. Da aka daina ba 'yan Najeriya biza a 2022 kasuwa ta tsaya cik, dole na juya ga 'yan ƙasa.

Ƙanena dariya ya yi min a lokacin, wai me ɗan Imarat zai nema wurin mai haɗa biza? Da gaskiyarsa. Tun Mayun 2015 suke shiga ƙasashen Schengen, wato ƙasashen Turai masu biza ɗaya, haka nan, kwana 90 a cikin kowane 180. Kanada ta ɗauke musu biza a 2018, Japan a 2022. Ingila kuwa tun Fabrairun 2024 izinin shiga na intanet da ake kira ETA kawai take nema, wanda yaron gida ma zai cike a waya. Amurka ce har yau ba ta sassauta ba: sai an cike fom ɗin DS-160, an biya dala 185, an je ganawa a Abu Dhabi ko nan Dubai.

Abincina na wajen masu rakiya. Idan Yuli ya kama, gari ya zama tanda, gida guda ake kwasa zuwa Munich a Jamus ko Zell am See a Austriya, kuma ba a tafiya sai da mai raino, galibi 'yar Habasha ko Filifin. Ita fasfonta bai san wata yarjejeniyar 2015 ba. Sai an biya mata Yuro 90, an yanki inshorar lafiya da za ta iya ɗaukar kuɗin magani na aƙalla Yuro 30,000, an haɗa wasiƙar maigida da kwantiragin aiki da izinin zamanta, sannan ta je da ƙafarta a ɗauki hoton yatsunta. A ofishin bizar ƙasar da za a fi daɗewa a cikinta ake nema, nan ma mutane ke yawan tuntuɓe. Daga watan Mayu samun ranar ganawa sai an kwana ana leƙen kwamfuta.

Bara wani dattijo ya shigo, ƙamshin turaren wuta na bin kandurarsa, ya zube min fasfo tara a tebur, saura kwana goma su tashi. Na ware takwas gefe, na ɗaga ɗaya.

"Ya Shaikh, wannan fa ba za ta samu ba. Hukuncin kaɗai yakan kai kwana 15."

"Nawa za a ƙara?"

Na ce ba maganar kuɗi ba ce. Bai ji daɗi ba, don bai saba jin a'a a kan tafiya ba. Ni kuwa mai koren fasfo, na haddace ta tun ina saurayi.

Ya kira uwargida a gabana, ta rantse ba za ta hau jirgi da tagwaye ba mai raino. Ƙarshe na raba tafiyar biyu: shi da manyan yaran suka yi gaba, mata suka biyo bayan sati uku, ya biya kuɗin canjin tikiti yana ta ƙunƙuni. Bana tun cikin Maris direbansa ya kawo min fasfo ɗaya tak a ambulan.