Muryar da na yanka a 2015

A makaranta a Jos malaminmu ya taɓa nuna mana tallan Lyndon Johnson na zaɓen Amurka na 1964: yarinya tana tsinke ganyen fure tana ƙirgawa, sai bam ɗin nukiliya ya tashi. Sau ɗaya aka biya aka saka shi a talabijin, ko sunan abokin hamayyarsa Goldwater ba a kira ba, amma kowa ya gane da wa ake. Na ɗauka labarin Turawa ne.

Zaɓen 2015 ya same ni a wani ƙaramin situdiyo a Abuja, muna haɗa tallan rediyo da Hausa. Ranar 14 ga Janairu Jonathan da Buhari suka sa hannu a yarjejeniyar zaman lafiya, Kofi Annan na zaune. Mako bai zagayo ba Ayo Fayose, gwamnan Ekiti mai goyon bayan Jonathan, ya sayi shafin farko na jarida ya jera hotunan Murtala da Abacha da 'Yar'aduwa, waɗanda duk suka rasu kan mulki, ya ƙara da Buhari da alamar tambaya. Ɗaya ɓangaren ma ba a bar su a baya ba wajen zagi. Daga nan duk ɗan siyasar da ya shigo mana, ba ya maganar rijiya ko asibiti, abin da zai firgita mutane yake nema.

Wata rana Oga ya miƙo mini jawabin wani ɗan takara, ya ce, "Yaro, cire nan ka haɗa da nan." Mutumin cewa ya yi ba zai kori kowa daga kasuwa ba. Na cire "ba" guda biyu. Daƙiƙa ɗaya ba ta cika ba, magana ta juye. Na karɓi kuɗina, wallahi ko a jikina.

Ranar 28 ga Maris aka yi zaɓe, bayan kwana uku Jonathan ya kira Buhari ya taya shi murna, manya suka koma cin abinci tare. Da na je gida Sallah, a teburin mai shayi na ji muryar nan tana fita daga wayar Kawu, ana ta tura ta ta Bluetooth. Ya dube ni, yana nufin maƙwabcinsa Malam, ya ce, "Ɗana, ka ji da kunnenka ko? Su Malam ne suka zaɓe shi." Shayin nan ban iya shanye shi ba.

Na gaya wa Kawu gaskiya daga baya, ya ce ina kāre su ne kawai. Yanzu ba na taɓa muryar kowa sai an kawo mini jawabin cikakke, kuma hakan ya sa na rasa ayyuka a 2019 da 2023. Kawu da Malam, katanga ɗaya ta raba su, har yau ba sa gaisawa.